Itace a Gonar Aro

Ina tsugune ina matsar ƙuli-ƙuli na ji keke ya tsaya a ƙofar maƙwabtana. Na leƙa ta ɓarakar danga, inda ni da Magdalina muke miƙa wa juna wuta da gishiri, sai ga Kefas kafinta yana kwance wani buhu daga bayan keken. Sallamarsa ma can ƙasa-ƙasa ya yi ta. Ya shiga ya ajiye buhun a gaban Malam Alfred, mijin Magdalina, ya ja da baya ya tsaya kamar wanda ya kawo sammaci.

Malam Alfred ya kwance bakin buhun. 'Ya'yan mangwaronsa ne da ya dasa a gona mako biyu da suka wuce, an tumɓuke su har saiwa, ganyen duk ya yi yaushi. Ya ɗauko ɗaya ya juya shi a hannu.

"Wa ya yi wanga aiki?"

"Ni na yi, da hannuna," in ji Kefas. "Gara ni da yayana Ilu. Malam, ba a dasa icce a gonar aro. Kowa ya san haka."

"Ni ban sani ba."

Kefas ya dubi ƙasa. Ya ce Ilu ya riga ya kai maganar gaban dagaci, an yanke cewa daga yau kada Malam Alfred ya sake taka gonar. Geron da ke tsaye nasa ne, ba wanda zai taɓa masa, in ya nuna za a yanke a kawo masa har gida. Ya faɗi haka ya juya ya hau kekensa, ko ruwan da Magdalina ta kawo masa bai sha ba.

Ni kuwa na koma kan ƙulina. "Kowa ya san haka" ɗin nan da ni take, domin ina cikin kowan.

Sunana Sa'adiya, amma a unguwarmu nan Dutsin-Ma Inna Sa'a mai ƙuli ake ce mini. Mijina ya rasu tun kafin a sami mulkin kai, ni kuma Allah bai bar mini ɗa ko ɗaya ba. 'Ya'yansa na matarsa ta fari, wadda ta rasu kafin a kawo ni, suna fataucin hatsi a Katsina. Su suka bar ni a gidan, rabi don mutunci, rabi don kada gara ta cinye musu azara.

Cikin ɗarin farkon 1964 aka kawo mini waɗannan maƙwabta. Shekarar ce Nijar ta yi rigima da Dahome ta kori mutanen Dahome daga ƙasarta. Malam Alfred akawu ne a gidan waya na Maraɗi, can aka haife shi, ubansa ne ya zo daga Dahome. Shi sau ɗaya ya taɓa ganin ƙasar, yana yaro. Hausarsa ta fi ta wasunmu. Da aka ce su tafi garinsu sai ya rasa wane gari ake nufi, ya ɗauko matarsa da 'yarsu Lai'atu suka tsallako ta Jibiya. 'Yan mishan na Katsina suka tattara irinsu suka rarraba wa ƙananan coci-coci, kowace ta ɗauki gida ɗaya ta riƙe. Cocin garinmu, wadda duk mutanenta ba su cika benci goma ba, ta sami Malam Alfred.

Kada in ci haƙƙinsu, 'yan cocin sun yi ƙoƙari. Sun kama musu gidan da ke jikin nawa, sun kawo tabarmi da tukwane, sun sa yarinyar a makaranta. Sannan suka tsara zagayen kwano: kowace rana da gidan da zai kawo abinci. Sai dai kwanon ba shi kaɗai yake zuwa ba, da idanu yake zuwa. Mai kawowa za ta shiga har ɗaki, ta ɗaga murfin na jiya, ta tambayi me ya sa aka rage. Kafin la'asar duk matan coci sun ji cewa Magdalina ba ta son miyar kuka. Ranar Lahadi a bencin gaba ake zaunar da su. In baƙo ya zo daga Jos ko Kano, balle a ce Bature ne, sai a sa Malam Alfred ya sa kwat ɗin da aka ba shi, ya miƙe ya ba da labarin yadda aka kore su da yadda aka karɓe su, ya yi godiya. Ya maimaita labarin nan har yaran unguwa sun haddace shi, suna kwaikwayonsa a bakin rijiya.

Ya nemi aikin akawu ko'ina a garin nan. Takardunsa duk da Faransanci suke, a wajenmu ba su fi takardar ƙunshe ƙosai ba.

Wata rana ina shanya gyaɗa ya zo jikin danga ya gaishe ni. Mutum ne siriri mai tsabta, ko a gida rigarsa a soke take cikin wando. Muka taɓa hira, can sai ya ce, "Inna, na gaji da godiya. So nike in ci tuwon da ba mai zuwa ya tambaye ni ya na ji shi."

Na yi dariya, na ce ai masu neman na dare ba za su so jin wannan magana ba. Bai yi dariya ba.

Da bazarar shekara ta biyu ta kama, Kefas ya miƙe a coci ya ce ya ba Malam Alfred aron rabonsa na gonar ubansu a Tamawa, ƙasar Kurfi. An ce har tafi aka yi masa. Kefas ɗin nan na san shi tun ana ce masa Audi, yana bin ubansa kasuwa da jakin itace, kafin ya bi 'yan mishan ya koyi kafinta ya sake suna. Yayansa Ilu bai taɓa yafe masa ba, kullum hanya yake nema ya fitar da shi daga gadon. Wato shi ma Kefas da ƙafa ɗaya yake tsaye a gonar da ya yi kyautar aronta.

Malam Alfred ya rungumi noma kamar wanda aka yi wa bushara. Ranar Litinin ya hau motar Kurfi, ya ƙarasa Tamawa a ƙasa, ya kwana a bukka har Asabar. Hannun da bai san komai ba sai alƙalami da keken rubutu ya yi kanta, ya fashe, ya sake yin wata. Mutanen Tamawa sun yi ta dariyar kunyoyinsa da suka karkace kamar tafiyar maciji, daga baya dariyar ta ishe su suka kama masa. Allah kuma ya ba da ruwa. Duk Asabar sai ya tsaya jikin danga ya nuna mini tsawon geron a jikinsa, yau a gwiwa, wani mako a ƙugu. Ya ce ranar da geron nan ya shigo gida zai miƙe a coci ba tare da kowa ya sa shi ba, ya yi godiya ta ƙarshe, ya roƙe su su tsayar da kwano.

Mangwaron kuwa tun cikin bazara ya fara su. Yakan bi kasuwa yana tsintar ƙwallon da aka sha aka yar, ya huda gwangwanayen madara da ƙusa, ya cika da ƙasa ya binne. Ya jera su a gindin danga, ni ce ma nake zuba musu ruwan wanke-wanke idan yana gona. Matan coci masu kawo kwano kullum sai sun tsallake su, suna yaba yadda suka yi kyau.

Wata rana na tambaye shi ina zai kai wannan runduna.

"Gona, Inna. Kefas ya yi mini alheri, ba ni da abin da zan rama mishi. In na dasa mishi mangwaro a gefen gona, ko bayan ba ni, ɗiyanshi su sha."

To, a ƙasar nan mai aron gona abin da za a girbe cikin shekara yake shukawa. Itace ya fi shaidu tsawon rai. Yau ka dasa, gobe ka mutu, jibi ɗanka ya tsaya gaban alƙali ya ce ga iccen ubana, alƙali kuwa abin da zai fara tambaya shi ne wa ya dasa. Wanda ya dasa itace a gonar aro ya ce gonar tasa ce, ko bai buɗe baki ba. Yaron da bai iya ɗaura wando ba ya san wannan. Akawun da ya tashi a barikin Maraɗi ne kaɗai bai sani ba.

Na buɗe baki zan faɗa masa. Sai na ce a raina ai yana da mutanensa, ga Kefas ga Fasto, wani zai gaya masa. Me ya kai tsohuwa Musulma shiga tsakanin 'yan mishan da gonarsu? Kuma tunda ya zo garin nan ban taɓa ganin fuskarsa a sake kamar ranar ba. Na ce, "Allah ya raya." Daga baya na gane matan cocin ma kowace ta bar wa wata, Kefas kuwa bai taɓa tambaya ba. Da aka gama noman maimai, Malam Alfred ya kwashi gwangwanayensa a kwando ya tafi da su. Guda ɗaya ya bari, wani ƙanjamamme mai ganye uku, ya miƙo mini ta ɓarakar danga ya ce in ajiye masa a wajena inda ruwa yake bi, ko ya yi ƙarfi.

Kwana biyu bayan zuwan Kefas da buhu, Malam Alfred ya sa kwat ɗinsa ya tafi Tamawa ba da haƙuri. Ilu ya karɓe shi da mutunci, ya sa aka dama masa fura, ya ce ba shi da komai da baƙo, magana tsakaninsa da ƙanensa take. Amma gona kam a'a. Malam Alfred ya tsaya a kan hanya ya kalli geronsa da ya fitar da kai ya fi shi tsawo, sannan ya juyo. Ya tarar motar Kurfi ta tashi, ga marka ta sauko. A ƙasa ya dawo, ya iso jiƙe sharkaf yana rawar ɗari. Washegari tari ya kama shi da ciwon haƙarƙari. An kai shi asibiti an yi allura, zazzaɓin ya sauka, amma mutumin bai tashi ba.

Fasto ya zo duba shi da dattawa biyu. Mutum ne mai taushin murya, kuma na yarda da zuciya ɗaya ya zo. Ina ji daga tsakar gidana yana cewa kada Malam Alfred ya sa damuwa a ransa, gona ta tafi amma ikkilisiya tana nan, kwano ba zai yanke ba ko shekara nawa za a yi. Magdalina ta ce mini da ya ji haka sai ya juya fuskarsa bango.

Daga ranar ya daina cin abincin kwano. Bai yi gardama da kowa ba, cewa kawai yake ba ya jin yunwa. Matan coci suka shiga gasa, wannan ta kawo farfesu, waccan ta kawo shinkafa, duk a banza, sai ga shi ana cewa baƙon nan ya fara zaɓen abinci. Kunun gyaɗata kaɗai yake kurɓa, shi ma don Magdalina tana zuwa ta taya ni ɓara da suya, ta ce masa ladan aikinta ne. Kullum tambayarsa ɗaya ce, an yanke gero?

Abin ya yi ta cina har na kasa. Wata safiya na kai kunun da kaina. Na same shi a jingine da bango, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na zauna a bakin ƙofa na ce, "Malam, ranar da ka ce mini gona za ka kai su, na san ba a yi. Na sani na yi shiru."

Ya daɗe yana kallon ƙoƙon kunun.

"Da kin hwaɗi, Inna," ya ce.

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Don in sami abin cewa, na ce ai ɗan mangwaron nan da ya ba ni ajiya ya yi ƙarfi, ganyensa ya ƙaru. In ya ji sauƙi ya zo ya dasa shi da hannunsa a tsakar gidana, ya zama nasa.

Ya ɗago ya dube ni. "Wurin naki ne, ko ke ma aro aka ba ki?"

Na tuna 'ya'yan mijina, na tuna yadda babbansu yake zagaya gidan yana ƙwanƙwasa bango duk lokacin da ya zo. Malam Alfred ya ɗan yi murmushi, ba na mugunta ba.

"Bar shi cikin gwangwani," ya ce.

Kaka ta yi, aka yanke gero a Tamawa. Kefas ya cika alkawari, ya biya 'yan ƙwadago suka yanke suka ɗaure, ba a taɓa zangarniya ɗaya ba. Muka ji labari ranar Talata, Malam Alfred har ya tashi zaune ya ce a wanke masa fuska. Laraba ta wuce ba jaki ba dalili. Ranar Alhamis Magdalina ta je shagon Kefas da kanta. Ashe Lahadi mai zuwa ce ranar godiyar kaka a cocinsu, ranar da kowa yake kai amfanin gonarsa gaban bagade. Dattawa sun ga ya fi kyau a kawo geron ranar, a jera shi a gaban jama'a, kowa ya shaida an cika alkawari, a wanke ɓacin ran da aka yi. Ta roƙi ko dami ɗaya a kawo yanzu ta dama masa kunu. Kefas ya ce an riga an yi magana da masu jakuna sai Asabar, kwana biyu ai kamar yau ne.

Da ta dawo ta gaya masa, ya ce to. Ya koma ya kwanta.

Ranar Juma'a da hantsi ina tankaɗe na ji Magdalina ta kira sunansa sau biyu, na biyun a hankali. Na ajiye rariya na zagaya. Ya riga ya cika, hannunsa ɗaya a waje, tafin duk kanta. Na ce innalillahi, domin ban san abin da su suke cewa ba, na kama ta muka zauna.

Kefas ne ya yi akwatin, ba wanda ya sa shi. An ce yana fiƙar katako yana share ido da hannun riga. Da yamma suka kai shi makabartarsu ta bayan gari. Kwat ɗin nan suka sa masa.

Asabar da safe, ana zaman makoki, sai ga jakuna uku a ƙofar gida. Aka sauke dammunan gero a tsakar gidan, manya-manyan zangarniyoyi, irin waɗanda manomin gaske zai tsaya ya kalla. Da yake gidan ya cika da masu ta'aziyya har daga Kurfi, mata suka ce a sussuka a dama wa baƙi kunu. Turmina aka ara, ni ma na kama taɓarya. Fasto ya miƙe ya yi addu'a, sannan ya ce a gode wa Allah saboda ɗan'uwa Kefas, wanda ya kawo wannan gudunmawa ta gero a ranar baƙin ciki. Jama'a suka amsa. Wata ta taɓa Magdalina ta ce ta yi godiya mana.

Na dakatar da taɓarya. Ba cocina ba ce, ba makokina ba ne, amma shiru na riga na yi shi sau ɗaya na ga abin da ya haifa.

"Malam Fasto, geron wa?"

Wasu matan suka harare ni. Fasto ya dubi Kefas, Kefas ya dubi ƙafafunsa.

"Na Malam ne, Inna," ya ce can ƙasa. "Shi ya noma."

Ba abin da ya sake. Aka dama kunu aka zuba a ƙore aka rarraba. Masu makoki suka sha suna cewa sabon gero daban ne. Magdalina ta riƙe ludayinta har kunun ya huce ya yi fata a sama, ba ta kai baki ba. Ni na sha. Ya yi daɗi ƙwarai, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai.

Kwano ya ci gaba da zuwa har wata biyu, ga gero jibge a ɗaki. Daga nan coci ta samo wa Magdalina aikin dafa abinci a wata makarantar 'yan mata ta mishan wajen Zariya, aka sa ranar tafiya. Sauran geron ta raba biyu, ta ɗaure rabi, ta turo mini rabi ta kan danga, ta ce kada in kuskura in yi mata godiya.

Da aka gama ɗora kaya a mota, ta shigo gidana ta ce tana son mangwaron nan, za ta riƙe shi a cinya har can. Muka je gindin danga. Ta sunkuya ta kama gwangwanin ta ɗaga, ya ƙi. Na ce ƙasa ce ta riƙe shi, na sa hannu muka ja tare, ya ɗan karkata ya tsaya. Na durƙusa na tona gefe da yatsa. Gindin gwangwanin ya yi tsatsa ya ɓurme, saiwa ta bi ta hudar ƙusa ta shige ƙasa, kaurinta ya kai ɗan yatsana.

Direba ya yi ta danna oda a waje, Lai'atu tana kiran uwarta. Magdalina ta tsaya tana kallon saiwar. Sannan ta mayar da ƙasar da na tone, ta danna da tafin hannu, ta goge hannun a zaninta ta fita.

Na ji tashin motar har ƙararta ta ɓace. Ruwan wanke-wanken safe yana nan a ƙwarya ban zubar ba. Na ɗauko na zuba masa a hankali, ya cika bakin gwangwanin, ya tsaya kaɗan, sannan ya sauka.